Ƙwaryar Man Shanun da Muka Mayar

Sallama gare ku, 'yan gidan nan. Afra'u ce. Masu turo mini saƙo kuna cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, ba data ce ta ƙare mini ba. Kunya ce ta riƙe mini hannu. Sau uku ina fara rubutun nan ina gogewa, domin a wannan karon babu wanda zan ɗora wa laifi, ni ce na ɗebo da zafi.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: 'yar Rano ce ni, 'yar Malam Dalhatu mai gona a Lausu, ina digiri na biyu a kimiyyar sinadarai a Kano. Baba ya ce in fitar da miji kafin a cire amfanin gona, na fitar da Mahdi. Malamin firamare ne, Bafulatani daga wajen Kibiya, gidansu sun zauna wuri ɗaya tun zamanin kakansa, suna noma suna kiwo. Manyansa sun zo gaisuwa, Baba ya karɓe su hannu bibbiyu. Abin da ya rage kawai Bappansa ya dawo a sa rana.

Sai na ɗan gaya muku aikina, don a nan tsautsayin ya kwanta. Mahdi ma ya taɓa tambayata a zauren gidanmu, yana zaune a tabarma cikin farar shaddarsa mai wankin hannu, hular nan an karya ta gefe.

"Wai Malama, me kike karantawa ne da ba ya ƙarewa?"

Na ce, "Ka taɓa lura man da ke taso wa saman miya ya fi ruwan miyar yaji?"

"Na lura harshena yana ƙonewa dai."

"To gishiri ruwa yake bi, yajin barkono kuma mai yake bi. Kowane sinadari haka yake. In ka zuba shi a kwalba mai ruwa da mai ka girgiza, rabuwa yake, kaso kaza nan, kaso kaza can. A da sai an girgiza an auna ake sani. Ni aikina in faɗa tun kafin a taɓa kwalbar."

Na yi masa bayanin lambobi biyar da kowane sinadari yake da su: girmansa, yadda yake kama ruwa, yadda ruwa yake kama shi, da wasu biyu da ba zan gajiyar da ku da su ba. Ruwa da mai su ma suna da nasu lambobin. A ninka wannan da wancan, a tara, sai amsa ɗaya ta fito ta gaya maka ɓangaren da zai fi zama.

Ya yi dariya har hularsa ta goce. "Ashe duba kike yi. Bokanya mai kwamfuta zan aura."

"Boka yana ƙarya," na ce, ina wani ɗaga kai. "Lissafina ba ya yi."

Ku riƙe wannan ɗaga kan nawa, shi ya kai ni ya baro.

Tsakiyar damina, ina hostel, ya turo mini ɗan bidiyo. Shi da Bappansa ne a cikin garke, Bappa ya goya tankin feshi a baya yana bin shanu. Ƙarƙashinsa ya rubuta, "Kaska ta dame mu bana. Ki yi mana addu'a, amaryar makiyayi." Na yi murmushi, na sake kallo, sai idona ya faɗa kan wata kwalba a gindin turke. Na tsayar da bidiyon na jawo hoton kusa. Na san kwalbar nan kamar yunwar cikina, irinta ce Baba yake fesa wa wake.

Na rubuta, "Wannan ai maganin ƙwarin gona ne."

"Eh. Na dabbobi wuyar samu yake, kowa da shi yake yi. Kaska kuwa zubewa take."

Na buɗe kwamfuta, na nemo lambobin sinadarin, na zuba su. Amsar da ta fito ta sa na ajiye cokalin da nake cin abinci da shi. In kaso ɗaya ya zauna a ruwa, sama da dubu ɗari suna cikin mai. Ma'ana, in ya ratsa jikin saniya ya shiga madara, ranar da aka kaɗa nono, tsala, wato nonon da aka cire wa mai, za ta fita kusan tas, shi kuwa man shanu ya kwashe kayan gaba ɗaya.

A nan ya kamata in kira shi. Na ɗauki wayar ma, na ajiye. Na ji tsoron kar ya ga kamar 'yar boko ta fara raina sana'ar gidansu tun ba a shafa fatiha ba. Na ce bari sai mun haɗu ido da ido, na tura masa hoton zuciya ja na rufe zancen.

Bayan kwana goma na zo gida ranar Juma'a. Tun daga soro na ji muryar Gwaggo Lubabatu, yayar Baba, wadda ko tari ta yi sai an ji a maƙwabta. Tana ɗakin Umma, ta harɗe a kan dardumar sallah cikin leshi ruwan goro, ɗaurin nan nata kamar zai taɓo silin. Gwaggo ba ta taɓa son maganar Mahdi ba. Ba ta da wani ɗan takara, kawai dai a ganinta 'yar ƙaninta ta wuce zaman ruga, ko da rugar ta bulo ce da kwano.

A tsakiyar ɗakin ga wata sabuwar ƙwarya, an yi mata zane da wuƙa tun daga baki har gindi, an rufe da faifai mai ja da kore. Umma ta ɗaga faifan tana fara'a. Curin man shanu ne goma sha biyu suna iyo a cikin nono, fari sol, kowanne an mulmula shi daidai da ɗan'uwansa.

"Surukarki ce ta aiko," in ji Umma. "Yaron ya kawo ɗazu. Rabi zan soya mana, rabi in aika wa Nana Khadija, mai jego ba ta ƙin man shanu."

Nana Khadija yayata ce, kwananta tara da haihuwa. Ina jin an ambaci mai shayarwa, lambar nan ta kwamfuta ta tsaya mini a ido.

"Umma, kar ki soya."

"Saboda me?"

"Kar ki aika wa Yaya kuma. Suna fesa wa shanunsu maganin wake, kuma duk a cikin mai yake taruwa."

 Gwaggo ta gyara zama, ta ajiye goron da take ɓarawa.

"Ke Afra'u, kin tabbata?"

"Lissafi ya nuna, Gwaggo. Aikina ne."

"Guba ke nan a ciki?"

Da na ce ban sani ba, da yau ba na wannan rubutun. Amma na ce, "Kusan haka ne."

Allah Ya saka wa Umma da alheri, ita ta kawo maganar hankali. Ta ce a yi shiru da bakin, a zubar a bayan gida, a wanke ƙwarya a cika ta da shinkafa a mayar da godiya. Kowa ya san ba a mayar da ƙwaryar arziki wayam, ba a kuma mayar da ita da abin da ta zo da shi. Na farko rowa ce, na biyu kuwa cewa ka yi ba ka son hannun da ya ba ka.

Gwaggo ta ce sam, ta juya wajen Umma. "Maijidda, ke kullum a rufe a rufe. Mu mun tsira don muna da likita a gida, sauran bayin Allah da ke saye a kasuwa fa? Ba ni ƙwaryar nan, jibi kasuwar Kibiya, ni zan kai mata abinta in yi mata nasiha."

Likita. Matar da shekara shida tana cewa karatuna ɓata lokaci ne, yau ita ce take kirana likita a gaban Umma. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Umma ta dube ni, irin kallon nan na ki ce wani abu mana. Ni kuwa na ɗauko 'yar kwalba daga jakata, na ɗebi cokali ɗaya na mai na rufe, sannan na mayar da faifan da hannuna na miƙa wa Gwaggo ƙwaryar. A raina ina cewa ai gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci.

Nasihar Gwaggo kun san irinta. A layin masu nono ta sami mahaifiyar Mahdi, Inna Salamatu, a ƙarƙashin bishiya, mata sun kewaye ana ciniki. Ta dire ƙwaryar a gabanta ta ce, "Ga kayanki. 'Yarmu ta auna a makaranta ta ce da guba. A ji tsoron Allah."  An ce Inna jawo ƙwaryar ta yi ta ajiye a bayanta, ta ci gaba da dama wa wata mata fura.

Da la'asar saƙon Mahdi ya shigo. "Ƙwarya ta iso. Mun gode."

Na kira, ba a ɗauka ba. Na rubuta masa bayani mai tsawo har da lambobi, alamar shuɗi ta nuna ya karanta, bai ce komai ba. Duk da haka ban ji na yi laifi ba tukuna. Haushi ma nake ji, wai ni da na ceci rai ake wa fushi.

Ranar Litinin na kai wa malamina Dakta Abdulganiyyu 'yar kwalbar, na ba shi labari ina jiran yabo. Ya duba lissafin layi-layi, ya cire tabarau ya ajiye.

"Lissafinki daidai ne, Afra'u. Amma me ya gaya miki?"

"Cewa maganin yana cikin man."

"A'a. Ya gaya miki inda zai zauna in ya shiga. Bai gaya miki ya shiga ba. Wace saniya aka tatsa? Yaushe aka fesa mata? Kin tambaya?"



"Wannan ba a lambobi biyar yake ba," ya ce. "Wannan sai an tambayi mai saniya."

Sati biyu muka jira layi kafin injin awo ya zo kanmu. Sau uku na saka, sau uku takarda tana fitowa fes. Ko ƙanshin maganin babu a man Inna. Na zauna a kan doguwar kujerar ɗakin awon nan da farar riga a jikina, na rasa inda zan sa kaina. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha jin ana faɗa, ban taɓa zaton da ni ake ba.

Na ɗauki hoton takardar na tura masa, na rubuta, "Na yi kuskure. Don Allah ka zo."

Ya zo gidanmu ranar Asabar da hantsi. Bai shiga zaure ba, a jikin mashin ɗinsa ya tsaya. Na fito da hijabi toka, ko hoda ban shafa ba. Ya rame, ko kuwa idona ne.

"Na ga takarda," ya ce. "Ni ba ta gaya mini sabon abu ba."

"Ban gane ba."

"Ranar sunana an ba ni karsana. Jikarta ce farar saniyar da ke ɗaure a bayan ɗakin Inna. Ba ta shiga garke ranar feshi, Inna ba ta yarda ba. Da hannu take cire mata kaska, ɗaya bayan ɗaya, kullum da safe. Madararta kaɗai ta tara, kwana tara, ta kaɗa muku wancan man. Ta ce gidan da zan yi aure, daga saniyata za su fara ci."

Bai tsaya nan ba.

"Kuma abin da kwamfutarki ta gano, Inna ta san shi tun kina goye. Takan ce warin magani ba ya zama a tsala, a mai yake kwana. In an yi feshi sai ta yi kwanaki ba ta fitar da mai kasuwa, igiya da fata take shafa wa man. Duk damina sai sun yi faɗa da Bappa a kan tankin nan." Ya dube ni a karo na farko. "Malama, kullum muna waya. Me ya hana ki tambaye ni?"

 

Ya ce sati uku ke nan Inna ba ta je kasuwa ba. Ba ita kaɗai ba, duk layin masu nono abin ya shafa, mata suna zuwa su sayi fura da nono su tsallake mai, wasu har suna toshe hanci. Na tambaye shi maganar Bappa da sa rana. Ya tayar da mashin ya ce, "Ba a hannuna take ba."

A gida kuwa Baba ya daina amsa gaisuwata da baki, kai kawai yake ɗagawa. Rannan ya ce da Umma, a inda zan ji, mutanen kirki sun zo da girmansu an watsa musu ƙasa a ido, in Bappan yaron bai dawo ba shi ba zai aika a roƙe shi ba. Gwaggo ta ce ita me ta sani, abin da likita ta faɗa ta isar. Kuma gaskiyarta.

Umma ce ta ce in shirya. Ta sa atamfarta ta zuwa biki, ta cika kwano da shinkafa, ta ɗora turaren wuta da sabulu, muka hau adaidaita zuwa Kibiya, daga nan mashin ya ƙarasa da mu ta cikin gonakin dawa. Ban taɓa zuwa gidan ba. Tsakar gida a share ƙal, ƙorai a jere a kan gado kamar kayan amarya. A bayan ɗaki na hango farar saniyar tana tuƙa, na kawar da kai.

Inna 'yar siririya ce, baƙin zane da farar riga, carbi a wuya. Ta shimfiɗa mana tabarma ta ce, "Jabbama, sannunku da hanya." Ta tambayi Malam, ta tambayi mai jego da jariri, ta tambayi damina. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Umma ta ba da haƙuri, ta ce yarinta ce. Ni na durƙusa na fito da takardar awo.

"Inna, na auna. Babu komai a ciki. Ki yafe mini."

Ko kallon takardar ba ta yi ba. "Ajiye abinki, 'yata. Ni na san saniyata."

Ta shiga ɗaki ta fito da fura a ƙwarya, ta ajiye a gabanmu da ludayi biyu. "Ku sha, kar ku ji komai. Tsala ce. Na kaɗe man tas."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Na sha ludayi ɗaya da hawaye a ciki.

Umma ta yi ta kewaye-kewaye har ta iso kan maganar yara.  Inna ba ta kiran sunan Mahdi, ɗan fari ne.

"Ni na yafe tun a kasuwa," ta ce. "Yaron nan kuma yana sonta, na gani. Amma Bappansa ya ce ba zai taka ƙofar da aka ce hannunmu da guba ba, sai an gyara. A kasuwa aka faɗa, a kasuwa za a janye. Ta zo ta zauna a layinmu, ta ci mai a gaban mutane, ta ce abin da aka faɗa ba haka ba ne. Shi ke nan."

Na ce zan zo, da saurina. A hanya har na fara jin iska tana shiga ƙirjina. Cin man shanu a kasuwa ai ba wuya ba ne, ko tulu guda ne na shanye.

Sai da muka kusa Rano abin ya faɗo mini. Man Inna na auna, na saniya ɗaya da ake cire wa kaska da hannu. Sauran matan layin fa? Mahdi da bakinsa ya ce kowa da maganin wake yake yi, kuma ba kowace mace ce take da hancin Inna ko haƙurinta na riƙe mai a gida ba. Lissafina bai yi ƙarya ba, ni ce na ɗora shi a kan ƙwaryar da ba tasa ba. A cikin ƙoran da ke layin nan, Allah kaɗai Ya san nawa ne ya faɗa daidai a kansu. Cokali ɗaya ba zai yi mini komai ba. Amma in na miƙe na ce duk lafiya lau, masu jego nawa ne za a soya wa a kan maganata?

Na rubuta wa Mahdi jiya. "Zan ce na Inna na auna, kuma lafiyarsa ƙalau. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran a ba ni lokaci in auna, in zauna da su Bappa a kan feshin."

Da a ce wannan maganar na yi masa ranar da ya turo bidiyon, da cikin raha za mu yi ta, da Inna ce ma za ta fara goya mini baya. Yanzu bakin da ya yi ƙarya sau ɗaya ne yake neman a sake saurarensa.

Gobe ce kasuwar. Umma ta goge mini hijabi ta rataye a ƙofa, Baba ya ce da ita a gaya mini Allah Ya ba da sa'a, maganarsa ta farko gare ni cikin sati uku. Ɗazu bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, amsar Mahdi ta shigo.

"Na karanta wa Inna. Ta ce matan layin su goma sha ɗaya ne, tare suka ji kunyar, ba za a wanke ta ita kaɗai a bar 'yan'uwanta ba. Kowacce za ta miƙo miki nata. Ko ki ci na kowa, ko ki yi zamanki a gida, ba ta riƙe ki da komai ba."

Ya ga alamar na karanta. Tun ɗazu nake ganinsa a kan layi, bai sauka ba, ni kuma ban rubuta ko harafi ɗaya ba.